Tambaya ta Bakwai

Zuwa ga Yaya Rabi,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da maigida da yara. Ya zafin Legas? Mu nan Tsafe lafiya lau, ƙafar Inna ma da sauƙi.

Yaya, na je Gusau na yi jarrabawar gwaji ta shiga karatun kasuwanci, ko rabin maki ban samu ba. Kin san an hore mu kada mu tsallake tambaya. To, ta bakwai a lissafi ta gagare ni, na yi ta juya ta a takarda har kwamfutar ta rufe. Sauran ko ganinsu ban yi ba.

Abin da ya fi damuna, da Baba ya tambaye ni, sai na sunkuyar da kai na ce, "An gode Allah." Ya yi murna, ya ce ke nan ba sai na zauna gidan Gwaggo a Damba don ƙarin darasi ba. Ga jarrabawar gaske saura wata ɗaya.

Ki sa ni a addu'a, ki gaishe da kowa. Gobe in sha Allahu zan faɗa masa da bakina. Don Allah kada ki riga ni.

Ƙanwarki,
Asma'u