Wata Goma Sha Tara da Ma'aunin Zafi a Bakina

Rockingham, safiyar Litinin.

Zuwa ga Declan, hasken idona, iskar tekun da ke sanyaya mini la'asar ɗin Janairu mai zafi, ruwan farko a kan jar ƙasar Pilbara, zumar furen itacen turare, sarkin masu haƙar ƙarfe, mijina na mako ɗaya cikin uku!

Ina fata wasiƙar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kana cin gasasshen nama a ɗakin cin abincin ma'aikata, kana barci kamar wanda bai taɓa yi wa kowa laifi ba. Na ba Tevita abokin aikinka ita don ya hau da ita jirgin gobe, saboda na san da waya na kira, da na fara magana layin zai lalace, kamar yadda ya saba lalacewa duk ranar da magana ta yi nauyi.

In ka tambayi lafiyata, masoyina, yau ma'aunin zafin jiki ya nuna talatin da shida da ɗigo huɗu. Jiya ɗigo takwas ne. Ka san ma'anarsa, ai ka zama malami a kai: zafin ya faɗi, gobe al'ada za ta zo, wata na goma sha tara ya bi 'yan'uwansa.

Wata goma sha tara! Wace mace ce a duk yammacin ƙasar nan ta yi wa namiji biyayyar da na yi wa ɗan ma'aunin nan? Ƙarfe biyar da rabi na kowace asuba, kafin in juya, kafin in ce uffan, kafin in kurɓi ruwa, ko da fitsari zai fasa mini mara, sai in lalubo shi in sa a ƙarƙashin harshe in kwanta kamar gawa har ya yi ƙara. Dakta Perera ta ce in ƙwai ya fita zafin jiki yakan ɗan hau, in kuwa ya zauna a sama kwana goma sha takwas, to, ciki ya shiga. Sau uku ya kai mini kwana goma sha huɗu. Sau uku ina tafiya a hankali a kan matakalar makaranta kamar mai ɗauke da kwanon ƙwai, yaran ajina suna tambayata ko ƙafata ce ke ciwo.

Kai kuma, tauraron kuduna, kana fitowa a kan lokaci, sai dai ba lokacina ba. Mako biyu a ramin ƙarfe, mako ɗaya a gida. Jirginka ya tashi Alhamis, ƙwan ya iso Asabar, ya leƙa, bai ga kowa ba, ya kama gabansa. Ka tuna watan Mayu? Na duba jadawalina na ga kwanakin fitar ƙwan sun faɗo kana can. Na ɗauki hutun kwana biyu, na ce wa shugabar makaranta haƙori zan cire, na hau jirgi har Hedland, garin da ke kusa da wurin aikinka, na kama ɗaki a masaukin da ke warin kifi da man injin, na sa rigar nan mai ruwan toka da kake so. Ka shigo ja-wur da ƙura, ka sumbaci goshina, ka ce, "Minti biyar kawai, Nel," ka yi barci da takalmi a ƙafarka. Ni na cire maka shi. Har tausayinka na ji, ka ga wautata.

Ga kuma mamarka Glenys, Allah ya ƙara mata lafiya da dogon harshe. Duk Lahadi sai ta zuba mini naman rago ta kalli cikina. "'Yar nan, kin cika sa abu a rai. Ki saki jiki mana. Ni fa uban Declan ko wandonsa ya rataye kusa da ni sai in ɗauki ciki." Ta kawo mini ganyen shayi mai ɗanɗanon ruwan wanke-wanke, na shanye. Ta ce in bar kofi, na bari. Ta ce, "Mu dai a danginmu maza ba su da matsala," kai kuwa kana gefe kana yanka dankali ƙanana-ƙanana, ba ka ɗago ba.

Abu ɗaya tak likita ta roƙe ka, ruwan sanyin zuciyata. Ni an ɗebi jinina sau bakwai, an zura mini abin da ba zan rubuta a takarda ba. Kai ɗan kofi aka ba ka, a gwada maniyyinka. Duk dawowa sai ka ce, "Ban samu sarari ba, Nel. Zuwa na gaba, na yi miki alkawari."

Shekaranjiya Asabar na ce bari in wanke maka motarka, ka dawo ka same ta tana ƙyalli. Ka ga mace ta gari! Na buɗe aljihun gaba ina neman tsumma, sai ga ambulan ta asibiti a ƙarƙashin ƙugiyoyin kamun kifinka, an ninka ta huɗu, gefenta ya yi laushi don yawan buɗewa. Sunanka ne a kai. Sha ɗaya ga Maris.

Ashe ka samu sarari.

Na karanta sau uku. Adadin ƙwayoyin maniyyinka ya yi ƙasa ƙwarai, da wuya ciki ya shiga ba tare da taimako ba. A ƙasa kuma likitan ya rubuta da hannunsa: ka dawo tare da matarka, akwai hanyoyi. Tare da matarka, Declan! Wata biyar ke nan. Asuba ɗari da hamsin na kwanta da ma'auni a baki ina zargin jikina, ina ce masa tsoho, ina ce masa ragon jiki mai shekara talatin da takwas. Tafiyar Hedland ma bayan takardar nan ce. Barci kake yi da gaske ranar nan, ko ido ka rufe don kada ka ga fuskata?

Na zauna a motar awa guda. Stavros maƙwabcinmu ya leƙo ta kan shinge ya ce, "Narelle, batir ne ya mutu? In kawo waya in tayar miki?" Na ce masa a'a, mai motar ne zai mutu ranar Alhamis. Ya yi dariya ya koma ban ruwan tumatirinsa.

Na so in tsane ka, wallahi na gwada. Na kwana biyu ina gwadawa. Amma duk na rufe ido sai in gan ka kai kaɗai a wurin ajiye motocin asibiti, da manyan hannayen nan naka, kana buɗe ambulan. Sai in tuna makon nan na Maris da ka dawo ka daina shiga ƙaramin ɗakin da muka yi wa fenti domin jariri, kake ɗaukar kare ku tafi bakin teku har rana ta faɗi. Ni na zaci gajiya ka yi da ni. Sai in tuna ranar da muka zauna a ƙarshen doguwar gadar Busselton, soyayyen kifi da dankali a cinyarmu, tsuntsun teku ya fizge naka daga hannu, ka bi shi da zagi, sannan ka juyo idonka na ƙyalli ka ce, "'Ya'ya uku nake so, Nel. Duk masu taurin kai irin naki." Wane irin nauyi ka ɗauka kai kaɗai tun daga Maris, wawan mijina? Wa ya ce maka ni ba ta ɗauka ba ce? Ka zaci in na ji zan haɗa kayana? Shekara tara muna gado ɗaya, wannan ne sanin da ka yi mini?

Ka saurara da kyau, inuwata. Jirginka zai sauka Alhamis ƙarfe huɗu da minti ashirin, ina nan a bakin ƙofa. Kada ka sayo fure, kada ka sayo cakulan. Juma'a ƙarfe goma muna gaban Dakta Perera mu biyu, na riga na kira. Kai za ka miƙa mata takardar da hannunka. In allura ce za a yi mini kullum, zan karɓa. In an gwada duk hanyoyin ba a dace ba, za mu yi kukanmu a mota ɗaya, mu koma gida ɗaya. Lahadi kuma kai za ka yi wa mamarka bayani, da bakinka, ina zaune ina shan kofi mai ƙarfi.

Ban yafe ba tukuna, kada ka yi saurin murmushi. Za ka ji a jikinka har bazara. Amma ka sani, ko da ɗa ko babu, ko da uku ko ba ko ɗaya, ba inda za ni. Zan tsufa a gefenka, ina yi maka gori a kan wannan har haƙoranmu su zube. Shi ne hukuncinka, kuma ba ɗaukaka ƙara.

Taka yau, taka gobe, taka har ranar da za a rufe ɗayanmu,

Narelle