Ni Ce Goggon da Ta Ɓoye Takalman Kaka

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara kafin in aikata abin da ba zan iya janyewa ba. Ban taɓa rubuto wa jarida ba. In gaya miki gaskiya, ina cikin masu karanta filinki suna taɓe baki, suna cewa mutane ba su da aikin yi. To, yau ga ni a layi.

Na doshi hamsin, ina aiki a laburaren wata makarantar sakandare. Mijina ya rasu, 'ya'yana suna gidajensu. Mahaifinmu yana wurina, kuma gigin tsufa ya kama shi. Wani lokaci ya kira ni da sunan marigayiya mahaifiyarmu, wani lokaci ya gaishe ni da ladabi kamar baƙuwa. Da safe akwai matar da ke zama da shi har in taso daga aiki, sauran duk ni ce.

Baba mai raba wasiƙu ne, da ƙafa ya yi aikinsa har ya yi ritaya, kuma ƙafar ba ta san an yi ritayar ba. Da ya ga rana ta ɗaga sai ya miƙe, wai ya makara. Na gwada kulle ƙofa, ya yi ta dukanta yana kuka har bayan hannunsa ya fashe. Ban sake ba. Daga baya na lura da abu ɗaya da ciwon bai ci ba: a wurin Baba, mutumin kirki ba ya taka titi sai da takalmi sau-ciki mai sheƙi. Silifas na banɗaki ne. Sai na riƙa ɗora takalmansa a saman kabad. Ƙofa a buɗe take, ya je bakinta, ya dubi ƙafarsa, ya dawo ya zauna, ya ce bari mai gyara ya kawo su tukuna. Da yamma in sauko da su, mu goge tare, mu zaga unguwa, in mayar. Babu kuka, babu jini. Ban karanta wannan a littafi ba, ni na gano shi, kuma ina alfahari da shi.

Yanzu ga inda ƙanena ya shigo, autanmu. Yana cikin marubutan shirin katun ɗin barkwancin nan da ake yi tun ina budurwa, na gidan da yaransa ba sa girma, uban gidan bai taɓa yin hankali ba, mu masu kallo kuwa mun yi furfura. Ranar da aka ɗauke shi aiki har rangaɗa guɗa na yi, don ni na koya masa haɗa baƙi. Yakan leƙo mu jefi-jefi da ledar lemo da ƙamshin turare, ya zauna rabin hankalinsa a waya. Zuwansa na ƙarshe ya tarar da ni a kan kujera ina miƙa takalma sama. Bai tambaye ni dalili ba. Murmushi kawai ya yi, ashe ɗan albarka kayan aiki ya samu.

A watan jiya aka nuna wani kashi na shirin. An kawo sabuwar goggo gidan, da tabarau mai igiya a wuya irin nawa, tana gyaran murya kafin ta yi magana kamar yadda nake yi, tana ce wa butar shayi ta yi shiru ana karatu. Ta ɓoye takalman kakan gidan don tsabar son mulki. Kaka da jikoki suka yi ta ƙulla dabaru har suka sato su. Aka ƙare da kaka yana tsalle a titi ana kiɗa, ita kuma goggo ta ɓingire da barci a kujera da rana tsaka, baki buɗe, ƙuda yana zagaye, da kayan aiki a jikinta, ko takalmin ƙafarta ba ta cire ba. Haka ƙanena ya zana ni wa duniya.

Da abin ya tsaya nan, da na haɗiye. Masu kallo ne suka ƙarasa ni. A shafin shirin aka yi ta zuba sharhi kamar an buɗe famfo. Wani ya ce an daɗe ba a yi kashi mai daɗin wannan ba, shirin ya farfaɗo daga suma. Wata ta ce kowane dangi akwai irin wannan mayyar, tasu ma tana nan tana numfashi. Wani ya ce da gani babu tambaya namiji ne ya gudu ya bar ta. Akwai wani mai ilimin da ya fi ƙarfin kansa, ya rubuta shafi guda yana bayani cewa goggo alama ce ta mulkin danniya, takalmi kuma 'yanci ne. Na yi shekaru ina jera littattafan masu irin wannan fassara, ban san wata rana ni za a fassara ba. Wata baiwar Allah ta ce ita tana jinyar uwarta kuma abin bai ba ta dariya ba, suka yi mata ca, wai ta je ta sha ruwan sanyi, katun ne. Har ƙuri'a suka kaɗa suka raɗa mata suna Goggo Gandiroba, suna roƙon a dawo da ita.

A ɗakin malamai ana ta kunna wurin barcin ana shewa, wasu suna satar kallon igiyar tabarauna. Ƙanwar Baba, wadda rabonta da gidan nan tun yana gane mutane, ta bugo waya tana tambaya wai da gaske ne na tsare mata ɗan'uwa.

Wanda ya fi ci mini rai, tare da Baba muka kalla, don yana son shirin. Ya yi dariya har da tari. Ya dafa hannuna ya ce wannan mata muguwa ce, Allah ya rufa mana asiri ba mu da irinta a gidanmu.

Anti, ni da nake hana yara taɓa waya a laburare, sai ga ni a tsakanin kantoci ina karanta zagina, in gama in koma farko. Tun ina jin haushi har na fara tambayar kaina ko su ne da gaskiya. Mutum dubu za su haɗu a kan ƙarya? Wata Asabar da muka dawo daga zagayenmu, na riƙe takalman, na dubi kabad, na ji kunyar hawa kujerar. Na ajiye su a bakin ƙofa kamar na kowa. Washegari da hantsi na fita bayan gida shanya, na dawo babu Baba, babu takalma.

Ba zan iya ba ki labarin neman ba. Na yi gudu a titi kamar mahaukaciya, ina tare mutanen da ban sani ba. Wani mai faci ne ya ce ya ga wani tsoho ya ratsa babban titi, manyan motoci suna ta yi masa ham. Na same shi a ƙofar tsohon gidan waya, wanda yanzu shagon sayar da wayoyi ne. Yana tsaye ƙyam, yana jiran a miƙo masa jakarsa. Bai sa safa ba, dunduniyarsa duk ta saɓule. Da ya gan ni ya tambaye ni ko saƙo na zo karɓa.

Auta bai san wannan ba. Ya kira yana fara'a yana tambaya ko na ga shirin, na ce layin ba kyau, na kashe. Amma na zauna na rubuta amsa mai tsawo, da sunansa a ciki, da hoton ƙafar Baba, zan liƙa a shafin nan kowa ya ga abin da ya yi wa dariya, sannan in toshe lambarsa har abada. Rubutun ya yi kyau, Anti, ko ni na san ya yi kyau. Kullum sai na buɗe shi in ɗora yatsa in fasa. In tura? Kuma ki faɗa mini tsakani da Allah, gandirobar ce ni? Na gaji. Ko fushin ma yanzu da ƙyar nake ɗaukarsa.

Taki,
Mai Igiyar Tabarau

Amsa:

'Yar'uwa, sannu. Sannu da jinya, sannu da gudun da kika sha. Na cire sunan shirin daga wasiƙarki don sirrinku, amma na nemi kashin na kalla kafin in amsa miki.

Tambayarki ta ƙarshe ita ce mai sauƙi. Ba gandiroba ba ce ke. Gandiroba kulle ƙofa yake yi ya tafi, ke kuwa kin nemi hanyar da za ki tsare ran mahaifinki ba tare da kin zubar masa da hawaye ba. Takalman nan su koma saman kabad yau, in ba su riga sun koma ba. Ki kai shi a duba ƙafar, ki kuma gaya wa likitansa cewa ya fita, don a san matakin da ciwon ya kai. Ki ɗinka lambar wayarki a cikin rigunansa, ki rataya ƙararrawa a ƙofa, ki gabatar da shi ga mai facin nan da masu shagunan layinku. Waɗannan su ne mutanen da ra'ayinsu zai amfane ki.

Su kuwa masu sharhi, goggon da suka zaga ba ke ba ce. An nuna musu kaka mai cikakken hankali da ƙafar tsalle, suka yanke hukunci a kan abin da aka nuna musu. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya taɓa wanke wa Baba ƙafa. Ki fita daga shafin, ki goge shi daga wayarki.

Kada ki tura rubutun. Na yarda ya yi kyau, wasiƙarki ma ta nuna alƙalaminki yana da kaifi. Amma taron da ya mayar da barcinki abin shewa zai iya mayar da dunduniyar Baba abin yawo a waya. Wasu za su ba ki haƙuri na kwana biyu, wasu su ce ai sakacinki ne, sannan duk su wuce zuwa kashi na gaba su bar ki da hoton da ba ya gogewa. Mutumin da ko a cikin gigi bai yarda a gan shi a titi da silifas ba, bai kamata duniya ta ga rauninsa ba tare da izininsa ba.

Ƙanenki ya yi laifi, ba zan rage masa ba. Ya ɗauki abin cikin gida ya kai kasuwa bai tambaya ba, ya ga yayarsa a kan kujera bai ce kawo in miƙa miki ba. Sai dai ina da tambaya. Idan ya kira ya ce yaya Baba, me kike ce masa? Ina zargin lafiya lau kike cewa, don ko ranar da ya kamata ki fashe masa, layi kika ɗora wa laifi. Ya san labarin hannun da ya fashe a ƙofa? Yayyen da suka yi raino sukan ci gaba da ɓoye wa auta wahala har ya yi gemu, sannan su ji ciwon bai sani ba.

Akwai kuma abin da na gani a wurin da ya fi ƙona miki rai. Na tsayar da hoton barcin na duba. Kujerar goggo ƙofa take fuskanta, kuma takalmanta a ɗaure suke. A katun babu abin da ke shiga da kansa, sai wani ya ce a zana. Wanda ya rubuta wannan ya lura cewa akwai mace a gidan da ba ta cire takalmi saboda kada a fita ba ta shirya ba. Masu kallo ƙudan suka gani. Ina jin ƙanenki ya ga fiye da haka, ya rasa ƙarfin halin faɗa, ya lulluɓe shi da dariya. Wannan bai wanke shi ba, amma ya isa dalilin da ba za ki toshe lambarsa ba tukuna.

Hoton nan mutum ɗaya ya kamata ya gan shi. Ki tura masa shi kaɗai, ki kira shi ki ba shi labarin tun daga ƙofar da aka daka har zuwa gidan waya, kada ki tace. Kada ki nemi ya rubuta wani kashi na ban haƙuri, masu kallo sun ci rabonsu. Ranaku za ki nema, tsayayyu a kowane mako, ba leƙe da ledar lemo ba. Idan ya zo, ki miƙa masa burushi da takalman, ya goge da Baba, ya zaga da shi, in sun dawo shi zai hau kujerar da kansa ya ɗora su a sama. Ke kuma ki shiga ɗakinki, ki cire naki takalman, ki kwanta ki yi barci, baki buɗe in kin ga dama.

Allah ya ba Baba sauƙi, ya daidaita tsakaninki da ƙanenki, ya saka miki da alherin da masu kallo ba su gani ba.