Tokar Wutar Ƙarshe

Daren Talata, bayan kaka

Yau ma ba baƙo. Na share ɗakunan masaukin nan na kan dutse, na kakkaɓe tabarmi, kamar gobe motar 'yan sikawut za ta tsaya a gindin tsamiya. Tun da mai ya yi tsada, hanya kuma ta rasa aminci, makarantu suka daina turo yara.

Da la'asar na nemi tukunyar toka na rasa. Al'adarmu ce, duk ƙungiyar da ta hura wutar hira, a ɗebi tokarta a ajiye, a zuba wa wutar masu zuwa. Ta ƙarshe ta 'yan matan Gezawa ce, waɗanda suka yi ta waƙa har murya ta dushe.

Na tambayi mai ɗakina Hajara. Ta ce, "Au, wannan? Ai na cakuɗa ta da waken iri, Malam. Ƙwari sun fara shiga."

Raina ya ɓaci, har na ɗaga murya. Ta dube ni ta ce, "In iri ya lalace, waƙa za mu shuka?"

Na juya na fice.

Yanzu ina zaune kan falalen dutse. Fitilun masu shayin Shanono na can ƙasa kamar garwashin da bai mutu ba. Sai nake jin kamar tafin yaran, kamar ga su nan suna hawowa a layi da jakunkunansu.

Na huce. In Allah ya kai mu damina, a filin wutar zan shuka waken nan. Duk ranar da suka dawo, shi zan dafa musu.