Takardar Waya

Laraba, bayan isha'i. Jiratawa.

Ko tuwo ban iya ci ba yau.

Shekara ukku na yi ina karatun lisansi, wato digirin farko, na aikin gwamnati ta intanet, kullum in hau kabu-kabu zuwa Sabon Gari neman rezon intanet mai ƙarhi. Bara na kai ma shef ɗin bironmu, wato shugaban ofis, takardar don a ƙara mini matsayi. Da yatsa biyu ya ɗaga ta gaban mutane, ya ce, "Makarantar da ba ta da ko ƙofa? Wannan ai takardar waya ce." Kowa ya yi dariya.

Yau sai ga shi ya kira ni, ya kulle biro. Wai ana raɗe-raɗin sabbin shugabanni za su sauke duk shef marar lisansi. Ashe makarantar nan tawa ya shiga! Ya turo mini ordinatarshi, kwamfutar da yake aiki da ita, ya ce, "Ɗana, jarabawa gobe ce. Kai za ka zamna ka yi mini, kai ka san hanyarsu."

Na so in tambaye shi ko makarantar ta yi ƙofa yanzu. Amma dosiyena, takarduna na neman ƙarin matsayi, na cikin durowarshi.

Da bakin nan nawa na ce, "To, ranka shi daɗe." Tun ɗazu nike kurkure shi, ɗacin bai hita ba.