Sunan Ƙanena Ya Fito a Log, Babu Adireshi

Barkanku da war haka, jama'ar wannan shafi. Admin, don Allah a sakaya sunana. Masu zagi ku ɗan dakata, Allah ya sani na riga ku zagin kaina.

Ni ce mai kula da shafin intanet na mawaƙan cocinmu a Kamazou, inda kowa ke shiga da sunansa ya sauke waƙar da za mu koya. Duk wanda ya shiga, sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, takan rubuta layi ɗaya a rajistarta da ake kira log: suna, lokaci, abin da ya buɗe, irin wayarsa, da lambar IP, wato adireshin intanet da za a iya bin sawun mutum da shi. Sabarmu ƙarama ce, kullum kukanta ta cika. Maimakon in zauna in share tsofaffin fayiloli, sai na gyara tsarin log ɗin, na cire IP da irin waya. Har da yabon kaina, wai na yi dabara!

Ƙanena yana cikin mawaƙan. Bara ya hau mota zuwa ƙauye, motar ba ta isa ba, ba wanda ya kira mu, ba a ga gawa ba. Mama ta rame har zane ba ya zama a ƙugunta. Sai kwanan nan ta haƙura aka yi masa addu'a, ta soma cin abinci.

Ran nan ina duba log sai ga sunansa. Kuma shigar ta kwanan nan ce. An shiga da sunansa, an buɗe waƙar Ista, ɓangaren masu babbar murya, nasa ɓangaren ke nan. Ɓarawon waya me zai yi da wannan? To daga ina aka shiga? Gurbin da zai gaya mini, ni na cire shi da hannuna. Na kira kamfanin sabar ina kuka, mutumin ya ce, "Madam, abin da ba ki ce a rubuta ba, ai ba a rubuta ba."

Na mayar da tsarin yadda yake, ina ta gadin log, shiru kake ji. Jiya Mama ta ce, "Ke, kullum ido a waya, ko miji aka samu ne?" Tana dariya, dariyar da muka daɗe ba mu ji ba. Na ce aiki ne.

In na faɗa mata, tambayarta ɗaya ce: "Yana ina?" In na yi shiru, wataƙila yana can da ransa yana jiran a neme shi. Jama'a, me zan yi?