Gwaggo Ta Dirje Mini Tambarin Mota

Daren Laraba, unguwar Briqueterie

Raina a ɓace yake, barci ma ya ƙi zuwa. Tun Lahadi nake fama da tambarin gaban taksina, don ya dace da na baya da na riga na gama. Na ɓamɓaro shi a hankali, na bi shi da sanfefa, na fesa masa baƙin fenti mara sheƙi irin wanda na gani a wata mota a unguwar Tsinga. Da safe na ɗora shi a tagar madafa ya sha iska, na fita aiki.

Ina dawowa Gwaggo, da ta zo mana daga Garwa, ta miƙo mini shi. Ko ɗigon fenti babu, duk ya kakkarce!

"Ɗan nan, hayaƙi ya ɓata maka abinka. Da toka da soson ƙarfe na dirje shi, har hannuna ya sage."

Kuma a gaban matata aka yi! Wai ba ta iya hana babba. Ga ta can tana danne dariya da matashin kai.

Ni kuwa durƙusawa na yi na ce, "Allah ya saka da alheri, Gwaggo."

Ta ce gobe in ciro mata na bayan ma.