Kada a Kife Sauran Lambun

Da sunan Allah nake farawa. Ni ce mahaifiyarku, kuma da hankalina garau nake wannan rubutu. Jikina ya riga ya gaya mini abin da likita yake ta kewaye-kewaye ya kasa faɗa. Dogo, Malama, Auta, ku zauna wuri ɗaya ku karanta, ban yarda a tura wa kowa ta waya ba.

1. Gida da abin da ke cikinsa a raba bisa ƙa'ida, ba ni da magana a kai. Keken ɗinki na riga na ba Malama tun ina da lafiya. Baron da ke bayan ɗakin girki na maƙwabcinmu mai kaji ne, a mayar masa, kunya ce ta hana shi tambaya.

2. Lambu shi ne abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Tun Auta tana goye a bayana, mahaifinku ya rataye garma, ya ce ya gama kifa ƙasa. Bai ƙara sa takin zamani ko maganin feshi ba. Sai ya zuba ruɓaɓɓen taki a sama, ya lulluɓe da busasshiyar ciyawa, in an cire kabeji ya yanke daga gindi ya bar saiwar ta ruɓe a ciki. Mutane suka yi ta dariya, wai lalaci ne ya samu suna. Shekara da shekaru yana haka, har ƙasar ta yi baƙi ta yi laushi, da hannu ake dasa tumatir. Ko a gadon asibiti, tambayarsa ita ce ko an taka masa wurin shuka.

3. Dogo, kai bakanike ne, ka tashi a gareji, lambu sai dai ka ci abin da ya fito. Da aka kwantar da ni bayan rasuwar mahaifinku, ka leƙa ka ga ciyawa shimfiɗe ko'ina, ka ɗauka wurin ya zama bola don babu mai kula. Ka ɗauko tarakta don in dawo in tarar da shi fes. Kafin Auta ta iso an kife rabi. Ranar da aka sallamo ni, kai ka riƙo hannuna ka kai ni, kana murmushi. Na ga tsutsotsin ƙasa, wato tana, a yayyanke suna bushewa a rana, na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da gawar mahaifinku. Na san kukan nan ne ya hana ka sake shigowa gidan. Da kyakkyawar niyya ka yi, ɗana, kuma na yafe tun a wurin, bakina ne ya kasa furtawa.

4. Auta, ke ce kika koyi aikin a hannunsa, shi ya sa abin ya fi ci miki rai. Amma kin ce wa yayanki ya sake kashe mahaifinku, kuma tun ranar ko gaisuwa ba ta haɗa ku. Wannan magana ta fi taraktar yi mini ɓarna. Ki je har gareji ki same shi ki ba shi haƙuri. Taurin kan nan a wurina kika gada, na san nauyinsa, ki sauke.

5. Roƙona shi ne kada a yanka lambun kashi-kashi, kada kuma a kife rabin da ya rage. Wanda aka kife ruwan sama ya daddaɓe shi, ya yi tauri, amma zai farfaɗo in an yi haƙuri. A zuba masa taki da kauri, a rufe, a shuka wake a bar saiwarsa. In wuri ya ƙi shan ruwa, a soka ƙarfen nan mai yatsu da maƙeri ya ƙera, a girgiza kawai, kada a juya. Ɗaukar taki da ciyawa ya fi ƙarfin Auta ita kaɗai, Dogo kuwa yana da mota amma bai san inda zai zuba ba. Malama, ke ce mai sanyin baki, ki tsaya a tsakaninsu. Ni dai ba zan ga ganyen farko a wurin ba, kuma wannan yana ƙona mini zuciya.

Allah ya yi muku albarka, ya raya zuri'arku, ya sa 'ya'yanku su ji tausayinku. Na yafe muku duniya da lahira, ku ma ku yafe mini. Ku riƙe juna, ku riƙa cin abinci a kwano ɗaya ko da jefi-jefi ne.

In kuwa kun gwada kun ga lambun nan shi zai raba ku, to Dogo ya sake kawo taraktar a kife sauran, Auta ta buɗe masa ƙofa da hannunta. Aikin rayuwar mahaifinku ne, na sani. Amma ni da shi ku muka haifa.